Martani: Rolar fentin bango ba ta cikin shato ba ce

Na karanta rubutun da wani ɗan'uwa ya yi kwanakin baya a kan gyaran tankunan ruwa na ƙarfe da ke garuruwan ƙaramar hukumar Tagriss, cikin gundumar Dakoro. Inda ya tsaya shi ne: idan tsatsa ta ci cikin shato, wato tankin, har aka tashi sake masa fenti, a sayi efoksi mai kyau, a ba masu fentin gari aikin, su shafa da rolar da suka saba shafa wa bango. Maganar wai sai an nemo rola ta musamman, a ganinsa, dabara ce ta 'yan kwangila don su cusa ƙarin layi a takardar kuɗi. Ya ce fenti ne ke tare tsatsa, rola kuwa ba ta da wani aiki illa ta ɗauko daga bokiti ta kai jikin ƙarfe.

Ban yi shakkar niyyar Malam marubucin ba, na kuma san abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya. Kuɗin gyaran shato ba daga sama suke faɗowa ba. Daga 'yan dalolin da mata ke biya a bakin famfo ne, da abin da makiyayi ke bayarwa kafin dabbobinsa su sa baki a ruwa. Tun bayan dokar ruwa ta shekarar 2010, ƙananan hukumomi ne ke riƙe da famfunan karkara, su ke damƙa su ga masu gudanarwa, ana kuma ware wani kaso na cinikin ruwa a ajiye domin gyara da sabuntawa. Wanda ya sa ido a kan wannan ajiya aikin lada yake yi. Sai dai a kan rola Malam ya kauce, kuma in aka bi shawararsa, kuɗin da yake son a tsimi su ne za su fara salwanta.

Tushen kuskuren shi ne ɗaukar efoksi a matsayin fentin bango mai tsada, alhali ba danginsu ɗaya ba. Duk wanda ya taɓa zama wurin bakanike ya san Araldite, gam ɗin nan mai 'yan bututu biyu. A matsa kaɗan daga wannan, kaɗan daga wancan a kan guntun kwali, a cakuɗa da tsinke, kafin wani lokaci ya zama dutse. Kamfanin Ciba na ƙasar Suwizalan ne ya fito da shi kasuwa a 1946, bisa binciken wani masanin sinadarai mai suna Pierre Castan. Fentin da ake shafa wa cikin tanki ɗan wannan gida ne. Gwangwani biyu yake zuwa, babba na danƙo, ƙarami na maganin daskarewa, kuma daga lokacin da aka haɗa su ya fara aikinsa, ko an shafa ko ba a shafa ba. Fentin bango ruwa ne a cikinsa, iska ta kwashe ruwan, shi kuma ya bushe. Efoksi ba bushewa yake yi ba, ƙamewa yake, yana ƙara kauri da kama hannu minti bayan minti. Gam ne mai fenti ke mulmulawa a jikin ƙarfe, kuma gam ba ya barin abin da ya taɓa ya tafi salin alin.

A ɗauki rolar bango ta kasuwa a duba ta da kyau. Masu arahar, ƙashinsu na ciki kwali ne da aka naɗe, a kansa aka manna ƙyalle mai dogon gashi aka zagaya da shi a karkace, gam mai sauƙi ke riƙe da su. Gashin kan kai milimita 18 ko 20 don ya shiga lungunan yaɓen siminti, kuma ba a saƙa shi yadda zai riƙu da ƙarfi ba. A fentin ruwa duk wannan ba laifi. A efoksi kuwa, shafawar farko lafiya lau, har mai fenti ya ji daɗin yadda rolar ke ɗaukar kaya da yawa. Can sai ta yi nauyi a hannu, ta fara ƙarar tsat-tsat duk lokacin da ta rabu da ƙarfe. Wannan ƙara danƙo ne ke fizgar gashi. In aka haska tocila a kaikaice a jikin tankin, za a ga 'yan zaruruwa cikin fentin, wasu a kwance, wasu a tsaye da kai waje. Idan fentin mai tina ne, irin wanda ake yawan yin shafin farko da shi, tinar kan ratsa ƙyallen ta narkar da gam ɗin, kwalin ya jiƙe ya yi laushi, haɗin karkacen ya buɗe, rola ta fara barin layi-layi, wani lokaci ma ƙyallen ya saɓule ɗungurungum ana tsakiyar aiki. Ga shi ba a isa a tsaya ba. Abin da aka dama yana ƙamewa a bokiti, shagon da za a samo wata rolar kuwa yana Dakoro, ko ma Maraɗi.

Na san Malam zai ce: to mene ne zare ɗaya biyu a cikin fenti? A bangon ɗaki ba komai, ido ne kawai zai gani. A cikin tanki lissafin daban yake. Kaurin fentin da ke tsakanin ruwa da ƙarfe, bayan an gama duk shafe-shafen, yawanci maikiron 300 zuwa 500 ne, wato bai wuce rabin milimita ba. Zaren da ya kai santimita ɗaya ya ninka wannan kauri sau ashirin ko fiye. Wanda ya kwanta yakan bar ɗan tudu da kwari a gefensa. Wanda ya tsaya, kansa ɗaya na jikin ƙarfe, ɗayan ya leƙo cikin ruwa. Yadda lagwanin fitila ke jawo kananzir, haka wannan zare ke jawo ruwa ya kai shi ƙarƙashin fenti. Kuma ruwan nan ba ya tafiya ko'ina, tanki cike yake dare da rana, shekara da shekaru. Tsatsa ta fara a ɗigo ɗaya. Da yake ta fi ƙarfen da ta ci girma, sai ta kumbura ta ɗaga fentin da ke kewaye, ya yi bororo, bororon ya fashe, ruwa ya sami ƙofa mai faɗi. Abin da ya fi muni, tsatsar da ta taru a ƙaramin wuri ƙasa take yi, tana haƙa rami a hankali har ta huda farantin. Tankin da ya sha fenti mafi tsada kan iya yoyo ta wurin ɗigogin da ba wanda ya lura da su ranar karɓar aiki.

Rolar soso, wadda wasu ke gudu wurinta don ba ta zubar da gashi, nata aibin daban. Iska ce cike da soso. Kowace dannawa tana tura iska cikin danƙo, kumfa ta taso, ta fashe bayan fenti ya fara ƙamewa, ta bar huda mai girman bakin allura wadda ba ta sake rufewa. Tina kuma tana kumbura soson har ya rududduge. Dogon gashi ma yana cusa iska, ya ƙara da jibge fenti a nan yana tsiyaya, can kuma ya bar shi shara-shara.

Rolar da ta dace ba wani abin al'ajabi ba ce. Ƙashinta na roba ne mai tauri, ko na kwalin da aka dafa da danƙon fenol har tina ba ta cin sa, an kuma haɗa ƙyallen da ƙashin da zafi ko da gam mai jure tina. Ƙyallen saƙaƙƙe ne, na nailan ko na gashin akuyar angora da ake kira mohair. Gashin gajere, kamar milimita 5 zuwa 10 in ƙarfe za a shafa. Akwai kuma batun faɗi, wanda ba kasafai ake tunawa da shi ba. Bangon tanki a lanƙwashe yake. A tanki mai faɗin mita 3, in aka ɗauki rola mai santimita 25 ana hawa da sauka da ita, gefunanta biyu ne ke danna ƙarfe, tsakiyarta kan bar tazarar kusan milimita 5. Da gajeren gashi wannan tazara ta isa ta bar wani zirin ba fenti sosai. Rola mai santimita 10 tazararta ba ta kai milimita ɗaya ba. Shi ya sa ƙaramar rola ta fi amfani a ciki, ko da aikin zai ɗan ja lokaci.

Ba sai mutum ya iya karanta Faransanci ko Turancin da ke jikin leda ba kafin ya tantance. Ya leƙa ƙashin ya danna da babban yatsa. Ya naɗa salatif a kan gashin ya fizge, ya duba abin da ya biyo. Ya tsoma gefen rolar cikin tinar da ta zo da fentin ya bar ta ɗan lokaci, ya ga ko haɗin zai buɗe. Rolar bango ba ta tsallake wannan gwaji. Ko mai kyaun ma, masu sana'ar sukan bi ta da salatif sau biyu sau uku kafin su tsoma ta a fenti, don a kwashe ragowar gashin da ya biyo ta daga masana'anta.

Abin da ya fi ɓata wa Malam rai, kamar yadda na fahimta, shi ne yawan rolar da ake rubutawa, tanki ɗaya amma a nemi goma ko fiye. Amsar tana cikin zafin ƙasarmu. Takardar bayanin kowane efoksi tana faɗin mintocin da za a iya aiki da shi bayan an haɗa, amma bisa zafin digiri 20 ko 23 na ƙasashen da aka yi shi. Ƙa'idar da masu sana'ar ke bi ita ce, duk ƙarin digiri 10 yana rage lokacin da rabi. Fentin da ke ba da minti 40 a digiri 20, minti 20 zai bayar a digiri 30, minti 10 a digiri 40. A ƙasar Dakoro cikin Afrilu da Mayu, digiri 40 a inuwa ba labari ba ne, balle cikin tankin ƙarfe da ke tsaye a sama rana na dukansa tun hantsi. Efoksi kuma da kansa yake haifar da zafi yayin da yake ƙamewa. In aka dama da yawa aka bar shi a bokiti mai zurfi, yakan yi zafin da hannu ba ya taɓawa, har ya yi hayaƙi. Don haka kaɗan-kaɗan ake damawa, a ajiye gwangwanaye a inuwa, a fara bayan sallar asuba da zarar an tabbatar ba raɓa a jikin ƙarfe, a tashi kafin rana ta take. Fentin da ya shige cikin gashin rola yana ƙamewa tare da na bokiti. Bayan damu ɗaya ko biyu rolar ta gama rayuwarta, ba wankin da zai dawo da ita, kuma in aka ci gaba da ita gutsattsarin busasshen danƙo za ta riƙa zubawa a sabon shafi. Rolar bango mai dogon gashi, da yake ta fi shan fenti, ta fi saurin sandarewa. Wanda ya ɗauke ta don tsimi, ninki zai kashe. A nan ne kuma mai fenti, ganin abu ya yi kauri, ke miƙa hannu ga tina, wani ma ga fetur, ya tsinka. Daga nan an gama da aikin: fentin ba zai ƙame yadda ya kamata ba, ruwa kuma ya ɗauki wari.

Mu yi ɗan lissafi. Tanki mai cin mita kubik 20, faɗinsa mita 3, tsayinsa kusan mita 2.8, cikinsa duka, bango da ƙasa da rufi, ya kai murabba'in mita 41. Don a sami kaurin maikiron 400 da efoksi marar tina, ana bukatar sama da lita 16, in aka haɗa da abin da ke saura a bokiti da rola a ce lita 20. Wannan lita ashirin daga waje take zuwa, ita ce ke cin kaso mafi tsoka na kuɗin kaya. Sai ladan masu kankare tsatsa, da man janareto, da motar da za ta kawo kaya daga Maraɗi, tafiyar fiye da kilomita ɗari kafin ma a kai Dakoro, sannan a kama hanyar yashi. Rola goma sha biyu a cikin wannan jimla ita ce ƙaramin layi. Malam ya zo kan ƙaramin layin ya ce a nan za a rage, alhali shi ne ke yanke hukuncin ko manyan layukan za su yi amfani.

Kuma akwai asarar da ba a rubuta ta a takarda. Kafin a yi wa shato fenti sai an zubar da ruwansa, a kankare, a shafa, a jira, a sake shafawa, a bar shi ya ƙame sosai, wanda yawancin kamfanoni ke ba wa mako guda, a wanke, a zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta, sannan a cika. Duk waɗannan kwanaki famfo a rufe yake. Wanda ya san arewacin Maraɗi ya san abin da wannan ke nufi. Rijiyoyin wannan yanki masu zurfi ne, raƙumi ko sa ne ke jan guga da igiya yana nisa kafin ruwa ya fito, Hausawa da Fulani da Buzaye kowa na jiran layinsa, 'yan mata suna wuni a bakin rijiya da jarkoki maimakon makaranta. Gari kan jure wannan sau ɗaya in ya san aikin zai daɗe. A maimaita masa bayan shekara biyu saboda an ƙi sayen rolar kirki, wannan zalunci ne, ko da da kyakkyawar niyya aka yi shi. Tun kafin tanki ya huje ma, da zarar ruwa ya fara fitowa ja yana ɓata tuwo da wanki, mutane kan juya wa famfo baya su koma tafki, musamman da damina. Jihar Maraɗi ta ga kwalara a 2018, ta sake gani a 2021. Duk abin da zai kori mutum daga ruwan famfo zuwa ruwan tafki, ban ɗauke shi ƙaramin abu ba.

Yanzu batun aringizo. Ban ce babu shi ba, akwai shi, amma ba a cikin rola yake ɓuya ba. Ɗan kwangilar da ke son cin kuɗin jama'a ba ya ɓata lokacinsa a kan abu mai araha wanda ake iya ƙirgawa. Rolar da aka yi aiki da ita takan sandare, ba ta sake sayuwa, kowa na iya tara su a gindin shato ya lissafa da yamma. Inda ake cuta shi ne a rubuta lita ashirin a shafa goma sha biyu, a rubuta shafi uku a yi biyu, a tsinka da tina don ya yaɗu. Mafi haɗari, a kawo efoksin daɓe ko mai haɗin kwalta, wanda aka yi don gindin jirgin ruwa da bututun ƙazanta, a shafa a tankin sha. Efoksin ruwan sha yana da takardar shaida: a kayan Faransa ana ganin ACS, a na Amurka NSF 61, a na Ingila WRAS. Wanda ba shi da irin wannan shaida bai kamata ya hau tsanin shato ba, komai kyan gwangwaninsa. Mu a wannan jiha ba sai an yi mana dogon bayani a kan abin da ke narkewa cikin ruwa ido bai gani ba. A Tibirin Gobir, rijiyar burtsatsen da aka haƙa a tsakiyar shekarun 1980 ta yi ta ba mutane ruwa mai sinadarin fulorayid fiye da ƙima, shekaru aka yi ana sha, ɗaruruwan yara suka tashi da lanƙwasassun ƙasusuwa. Musabbabin can daban ne, daga ƙarƙashin ƙasa ya fito, amma ruwan garau yake a kofi. Da Malam ya karkata alƙalaminsa kan takardar shaidar fenti da yawan lita, da ni ne na farkon mara masa baya. Akwai ma wani ɗan ƙarfe mai haƙora, ba ya wuce tafin hannu, da ake danna wa ɗanyen fenti a karanta kaurinsa nan take. Ɗan kwamitin ruwa zai koyi aiki da shi cikin minti biyar, kuma shi kaɗai ya isa ya tona asirin mai rage shafi.

A kan ba 'yan gari aikin, bakinmu ɗaya da Malam. Ba dalilin ɗauko mutane daga Yamai su zo su yi abin da matasan Tagriss da Dakoro za su iya. Amma ƙaunar mai sana'a ita ce a ba shi kayan aikin da zai fita kunya, a kuma gaya masa gaskiyar abin da ke gabansa. A miƙa masa rolar bango a tura shi cikin tanki, bayan shekara fenti ya ɓare, sunan wa zai ɓaci? Nasa. Sai a ce ai 'yan gida ba su iya ba, kwangila ta gaba ta tafi waje. Abin da ya kamata ya sani ba shi da yawa. Rola ba ta shiga kusurwa, ba ta rufe layin walda, ba ta zagaya kan noti, kuma fenti kan janye daga kaifin ƙarfe ya bar shi da ɗan siriri. Waɗannan wurare da buroshi ake fara bin su ɗaya bayan ɗaya, a cusa fenti cikin kowane lungu, sannan rola ta biyo. In da hali, kowane shafi ya zo da launinsa, don a ga inda aka tsallake. Sai kuma lafiyarsa, wadda rubutun Malam bai ce komai a kai ba. Cikin tanki rufaffen wuri ne mai ƙofa ɗaya a sama. Tururin tina yana sumar da mutum, yana kuma kama wuta da ƙyastu ɗaya. Dole a sa abin hura iska, a hana taba da ashana, mutum ɗaya ya zauna a bakin ƙofa ba ya motsawa muddin akwai wani a ciki. Maganin daskarewa yana ƙona fata, danƙon kuma yana sa ƙaiƙayin da in ya kama mutum sau ɗaya, duk ranar da ya sake taɓa efoksi sai ya dawo. Safar hannu ta roba mai kauri da takunkumi mai matatar tururi ba ado ba ne. Rolar da ke wargajewa tana tsawaita zaman yaro a cikin wannan rami, tana kuma sa shi tsince gashi da yatsa daga ɗanyen fenti.

Kada a ɗauka ina cewa rola ce komai. In ba a kankare tsatsa da tsohon fenti ba har ƙarfe ya fito fes, in aka bar maiƙo ko ƙurar hunturu ta sauka kafin a shafa, ko da rolar zinariya aka yi aikin zai ɓare. Feshin yashi da injin iska shi ne gyaran da ya fi, har ƙarfe ya yi fari-fari ya yi kaushi, matakin da takardun aiki ke kira Sa 2½. Inda babu injin, a bi da buroshin waya na inji da haƙuri. Feshin fenti da inji ma ya fi rola daidaita kauri, sai dai yana son na'ura mai tsada da gwanin hannu, shi ya sa a ƙananan tankunanmu rola ce abin yi. To tun da ita ce abin yi, ita ce hannun ƙarshe da ke taɓa aikin. Kowa na iya yin nasa daidai, mai kankara da mai damu da mai sayen fenti, ita ta zo ta ɓata.

Malam ya taɓo daɓen ɗakunan haihuwa na asibitocin karkara, ya ce can ma haka. Can ma ba haka ba. Siminti yana son gashi matsakaici, milimita 10 zuwa 13, amma sharaɗin ƙashi da saƙa bai canza ba. Sabon daɓe sai ya yi kwana 28 ya bushe, an kuma fi son shafin farko da yamma lokacin da zafi ke sauka, don da hantsi siminti yana fitar da iska ta huda fenti. In efoksi mai kauri ne da ake zubawa ya baje da kansa, akwai rola mai ƙayoyin roba da ake bi da ita don fasa kumfa. Daɓen da za a riƙa wanke jini a kansa da ruwan jabel kullum, kowane zare da kowace huda maɓoyar datti ce.

Saura tambaya ɗaya mai nauyi da ya yi: ina za a samo ta? Gaskiya ne ba a shagon kowane ƙauye take ba. Amma shi kansa efoksin ba a Tagriss ake sayar da shi ba. Ko daga Yamai ya zo, ko daga Kano ta Katsina da Jibiya da Ɗan Isa zuwa Maraɗi, duk dilan da ke sayar da efoksi na gaskiya ya san rolarsa, kuma dozin guda ba ta cika ƙaramin kwali ba. Tun ran gini ran zane: a rubuta su a oda ɗaya, su hau mota ɗaya.

Tun Afrilun 2024 shugabannin riƙo ne ke jan ragamar ƙananan hukumomi, su ke sa hannu a kan irin waɗannan ayyuka. Ina roƙon na Tagriss, da masu gudanar da famfuna, da ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, duk takardar gyaran shato da za ta zo gabansu kada su karɓe ta sai ta faɗi sunan fentin da shaidarsa ta ruwan sha, yawan lita da yawan shafi, irin rolar da tsawon gashinta da adadinta, da kuma watan da za a yi aikin, wanda bai kamata ya faɗo tsakiyar bazara ba. A ajiye gwangwanayen da aka juye da rolar da aka kashe har sai kwamiti ya ƙirga.

Kai kuma Malam, ga abin da nake nema a wurinka. Ka sami farantan ƙarfe biyu wurin mai walda, a goge su daidai, a dama efoksi ɗaya. Ka shafa ɗaya da rolar bango, ɗaya da gajeriyar saƙaƙƙiya. Washegari ka haska su da tocila a kaikaice, ka bi su da tafin hannu, sannan ka nutsar da su cikin duron ruwa ka bar su a ciki har damina ta wuce. Abin da ka gani, ka rubuta shi a inda ka rubuta na farko, domin akwai waɗanda suka karanta shawararka suna shirin aiki da ita.